Abincin Da Duniya Ta Yaba, Masu Shi Suna Barinsa

'Yan'uwa manoma, duk wanda ya taɓa zama a ajin kiwon lafiya ya ji wannan karatu: a ci ganye, a ci wake, a rage gishiri da zaƙi. Masu koyar da shi a ƙasashe da yawa sukan ba da misali da Italiya, wata ƙasa a kudancin Turai wadda ta miƙa ƙafa cikin Bahar Rum. Mutanenta suna daga cikin masu tsawon rai a duniya, gama jaririn da aka haifa can yau ana sa ran zai kai shekara 83. To, su kansu mutanen Italiya, suna cin abincin nan da ake yabonsu a kansa? Likitocinsu sun yi shekaru suna auna wannan, abin da suka samu kuwa ya isa a duba.

Ga yadda sunan ya samu. A shekarar 1952 wani masani Ba'amurke mai suna Ancel Keys ya je birnin Napoli, ya ga ciwon zuciya da ke kashe magidanta a Amurka bai cika kama leburorin birnin ba. A 1957 shi da abokan aikinsa suka auna mutanen Nikotera, wani ƙaramin gari a kudancin ƙasar, daga baya suka faɗaɗa binciken zuwa ƙasashe bakwai. Abin da talakawan nan ke ci ba shi da yawa: burodi, taliya, wake iri iri, ganyaye, tumatir, albasa, 'ya'yan itace, da man zaitun. Kifi sukan samu jefi-jefi, nama kuwa sai ranar Lahadi ko ranar biki. Suna kuma aikin ƙarfi tun safe har yamma. Wannan shi ne abin da aka laƙaba wa suna "abincin Bahar Rum", wanda hukumar UNESCO ta sa cikin kayan gadon duniya a 2010.

Amma kada a ɗauka duk abincin dā mai kyau ne. A arewacin Italiya akwai lokacin da talakawa ba su da abin ci sai wani irin tuwon masara da suke kira folenta, safe da rana da dare, ba miyar kirki. Wannan ya jawo musu cutar felagara, mai sa fata ta yi kaushi ta tsattsage, ta kawo zawo, har ta taɓa hankali. A ƙidayar 1881 an sami masu ita fiye da 100,000. Saboda haka abin da Keys ya yaba shi ne hatsi haɗe da wake da ganye da mai. Hatsi shi kaɗai ba ya riƙe jiki.

Yau gwamnatin Italiya tana da rubutacciyar shawara a kan abinci. An fara buga ta a 1986, hukumar binciken aikin gona da abinci mai suna CREA ta sabunta ta a 2018. Ta yi daidai da ta Hukumar Lafiya ta Duniya, wadda ta ce babban mutum ya ci aƙalla giram 400 na ganye da 'ya'yan itace kowace rana. Don sauƙin lissafi akan raba shi kashi biyar, kowane kashi kamar abin da zai cika tafin hannu. Ku lura, dankali da rogo da doya ba sa shiga wannan lissafi, gama su 'yan'uwan tuwo ne.

Cibiyar lafiya ta ƙasar tana da wani shiri mai suna PASSI, inda ma'aikatan lafiya ke yi wa dubban mutane tambayoyi kowace shekara, daga mai shekara 18 zuwa mai 69. Amsar da ake samu kusan ɗaya ce shekara da shekaru. Waɗanda ke cika kashi biyar ɗin nan ba su kai mutum 1 cikin 10 ba. Kimanin rabin jama'a kashi ɗaya ko biyu suke ci a yini. Wannan kuwa a ƙasar da lemo da inabi da tumatir da kabeji ke cike da kasuwa rani da damina. Shirin ya kuma nuna cewa cikin kowane mutum 10, kimanin 4 nauyinsu ya wuce kima, ɗaya daga cikinsu ma ƙibarsa ta kai ta cuta. Wani bincike dabam na cibiyar, mai suna ARIANNA, ya tambayi manya fiye da 3,700, yawancinsu mata, ya tarar kimanin 5 cikin 100 ne kaɗai ke bin abincin Bahar Rum sosai. Mafi yawa suna tsaka-tsaki: sun riƙe wani abu, sun saki wani.

Abin da suka riƙe shi ne taliya da man zaitun. Har yanzu babu ƙasar da ta kai su cin taliya, kowane mutum kimanin kilo 23 a shekara. Abin da suka saki kuwa shi ne wanda ya fi shafar mu manoma, wato wake.

Shawarar CREA ta ce a ci wake sau uku a mako, kowane ci kamar giram 50 na busasshe. Yawancin manya ba sa kaiwa nan. A dā waken nan shi ne naman talaka a Italiya, ana dafa shi da taliya a tukunya ɗaya, kamar yadda muke haɗa shinkafa da wake. Akwai ma wani abin sha'awa. Kafin a kawo waken Amurka Turai, wanda mutanen Italiya suka sani shi ne farin wake mai baƙin ido, irin namu na gona, wanda asalinsa daga Afirka ne, wanda kuma babu ƙasashen da suka kai Nijeriya da Nijar noma shi a yau. Da hannu ya fara kauri, sai mutane suka riƙa ganin wake abincin wahala ne, wanda ke tuna musu da zamanin babu. Da masu saye suka ragu, manoma ma suka rage shuka shi. Yanzu yawancin busasshen waken da ake ci a Italiya daga ƙasashen waje ake sayo shi, kamar Kanada. A ganina wannan ya fi kowace hasara zafi, gama gonar da aka daina sa wa wake ita ma ta rasa takin da saiwarsa ke bar mata.

Nama ne ya maye gurbin waken. Tsakanin 1961 da 1990 naman da kowane mutum ke samu a shekara ya ninka fiye da sau biyu. Babbar damuwar likitoci ita ce naman da ake adanawa da gishiri, yawanci na alade, wanda ake yankawa siriri a sa cikin burodi. Yana da sauƙi ga mai gaggawa, ba ya bukatar wuta. A 2015 sashen binciken ciwon daji na Hukumar Lafiya ta Duniya ya sa irin wannan nama cikin abubuwan da ke jawo dajin hanji. Shawarar ƙasar ta ce a ci shi kaɗan, can ba a rasa ba, jan nama kuma kamar sau ɗaya a mako.

Me ya kawo wannan canji cikin rayuwar mutum guda? A 1951 cikin kowane ma'aikaci 100 a Italiya, fiye da 40 manoma ne. Yau ba su kai 5 ba. Miliyoyin mutane sun bar ƙauyukan kudu sun tafi masana'antun Milano da Torino, wasu har Jamus. Wanda ya fita aiki da asuba ba shi da lokacin jiƙa wake da tsince ganye, ba shi kuma da lambu a bayan ɗaki. Sai kanti ya zama rumbunsa, da biskit da lemon kwalba da abincin leda. Aikin ƙarfi ya ragu, cin mai da zaƙi ya ƙaru. Abin mamaki shi ne, kudancin ƙasar, inda Keys ya ga abincin da ya yaba, nan ne ƙiba ta fi yawa a yau. Jihar Kamfaniya, wadda Napoli ne babban birninta, tana kan gaba wajen ƙibar yara 'yan firamare.

Kuɗi ma ya juya al'amarin. Wani dogon bincike mai suna Moli-sani, wanda ya fara bin lafiyar mutane fiye da 24,000 a jihar Molise tun 2005, ya gano cewa masu hali da masu ilimi ne suka fi bin abincin Bahar Rum. Ya kuma ga bin abincin ya ragu sa'ad da tattalin arziki ya taɓarɓare daga 2007. Kifi da man zaitun mai kyau da ɗanyen ganye sun fi abincin leda tsada ga mazaunin birni. Wato abincin leburorin Napoli ya koma abincin masu albashi.

Wuri ɗaya da aka ga ci gaba a fili shi ne gishiri. Ƙa'ida ita ce kada babba ya wuce giram 5 a yini, wato cokalin shayi ɗaya, har da wanda ke ɓoye cikin burodi da cuku da nama, domin yawan gishiri yana kawo hawan jini, hawan jini kuma yana kawo shanyewar ɓarin jiki. Likitoci ba su dogara ga abin da mutane suka faɗa da baki ba, sai suka tara fitsarinsu na yini guda suka auna. Tsakanin 2008 da 2012 maza suna cin giram 10.8, mata 8.3. A awon 2018 zuwa 2019 na maza ya sauko zuwa 9.5, na mata 7.2. Har yanzu ya wuce ƙa'ida nesa, amma ya sauko. Ɗaya daga cikin matakan da aka ɗauka shi ne, a 2009 Ma'aikatar Lafiya ta zauna da ƙungiyoyin masu gasa burodi, suka amince su rage gishirin da suke sawa cikin ƙullu. Kaɗan kaɗan aka riƙa ragewa, domin harshen mai saye ya saba ba tare da ya ji burodin ya yi lami ba.