Jagoran Siwa, mai kai baƙi kufai da tafkin gishiri

Siwa dausayi ne a can yammacin hamadar Masar, kusan kilomita 50 daga iyakar Libiya, kimanin kilomita 300 kuma daga Marsa Matruh da ke bakin teku. Mutanen garin manoman dabino ne da zaitun, harshensu na gida Siwi, dangin harshen Buzaye. Tun da aka shimfiɗa musu kwalta a shekarun 1980 baƙi suka fara kwararowa, har wata sana'a ta kafu a hannun samarin garin: a ɗauki baƙo da hantsi, a zaga da shi kufai da tafkunan gishiri da tuddan rairayi, a dawo da shi masauki bayan magariba.

Mai kallo daga nesa zai ce ai tuƙi ne kawai. Jarin jagora kuwa sanin lokaci ne: inda za a je kafin rana ta take, inda za a fake da azahar, da sa'ar da rairayi zai huce. Wanda ya rikita wannan tsari ya ɓata wa baƙo wuni, komai kyan motarsa.

Da Shali ake farawa, tsohon garin da aka kafa a farkon ƙarni na 13 a bisa wani tudu. Da karshif aka gina shi, wato dunƙulen gishiri da laka da ake haƙowa a bakin tafki, aka yi rufi da gungumen dabino. Jagora na ƙwarai ba ya fara surutu sai ya sa baƙo ya shafa bango, ya ji kaushinsa, ya ga ƙwayoyin gishiri suna walƙiya a cikin lakar. Sannan ya ba da labarin ruwan 1926, wanda ya yi kwana uku yana zuba har gidaje suka narke, jama'a suka sauko suka yi sabon gini a ƙasa. Mai ginin ƙasa a wajenmu yakan yi yaɓe kafin damina. Maginan Shali ba su san damina ba, shi ya sa ruwan kwana uku ya ci ginin ƙarni bakwai. An gyara wani sashe da tallafin Tarayyar Turai, aka buɗe shi a 2020, tsohon masallacin ma yana nan tsaye.

Daga nan sai Agurmi, inda kufan ɗakin bautar Amun yake a kan dutse. Nan Iskandar na Makidoniya ya zo a shekara ta 331 kafin haihuwar Annabi Isa (AS), ya keto hamada don ya ji abin da bokayen wurin za su faɗa masa. A nan ake gane jagora na gaske da ɗan ci-da-baki. Baƙo yana son labari mai daɗi, kuma ƙarin gishiri a magana ba ya cin kuɗi. Wani zai rantse cewa kabarin Iskandar yana Siwa, ko cewa Sarauniya Kiliyofatira ta yi wanka a idon ruwan da ake kira da sunanta, alhali babu hujjar ko ɗaya, kuma Ain Juba mutanen gari suka san idon ruwan da shi. Ni dai na fi girmama jagoran da zai ce, “Alhaji, wannan tarihi ne, wancan kuwa zancen mutane ne.” Shi ne kuma zai tsaya da kai a Ummu Ubaida, ya nuna maka bango ɗaya tilo da ya rage, ya gaya maka cewa wani jami'in gwamnati ne ya fasa ginin da albarushi a ƙarshen ƙarni na 19 don ya sami duwatsun gini.

Dutsen Matattu ba ya ɗaukar lokaci: kaburbura ne da aka sassaƙa a jikin dutse, waɗanda mutanen gari suka fake a cikinsu lokacin da jiragen Italiya suka yi musu ruwan bama-bamai a Yaƙin Duniya na Biyu.

Abin da ya fi jawo baƙi a yanzu shi ne tafkunan gishiri na gabashin gari, saboda hotunansu da suka cika wayoyi: ruwa shuɗi-shuɗi, gefensa fari fat. Yawancin waɗanda ake shiga ramuka ne da motocin haƙar gishiri suka bari, ruwan ƙasa ya tsatso ya cika su. Gishirin ya yi yawan da mutum ba ya nutsewa, ko bai iya iyo ba, kuma wannan ne yake sa baƙo sakaci. Tun ana gobe za a je jagora yakan gargaɗi maza kada su yi aski ko gyaran fuska. A bakin ramin zai duba ƙafar kowa, domin ɓawon gishirin yana yanka kamar kwalba, ƙaramin ƙurji kuma zai yi zogin da mai shi zai fito a guje. Zai nuna inda za a taka, ya ce a kwanta rigingine a hankali, kada a fantsama, kada a tsoma fuska. Yana tsaye da jarkar ruwan daɗi a hannu, saboda ɗigo ɗaya a ido ya isa mutum ya ruɗe ya fara shure-shure. Ba ya bari a daɗe. Da an fito iska ta busar da jiki, sai fata ta yi fari ta ɗaure, ya zuba wa kowa ruwa, ko ya wuce da su wani idon ruwa su ɗauraye. Mata kuwa yakan zaɓa musu ramin da babu cunkoso, ya ja da baya ya ba su wuri.

Da la'asar ake shiga babban rairayi na kudu, wajen Bir Wahid, kuma ba a shiga sai da takardar izinin hukuma, tunda iyaka tana kusa. A ƙarshen kwalta direba zai sauka ya durƙusa gaban kowace taya ya rage mata iska, har ta baje ta daina nutsewa. Yana karanta tudu daga launinsa da yadda iska ta kwantar da shi, ya san gefen da ya taurara da wanda zai haɗiye Land Cruiser har ƙirji. Irin wannan ilimi a gefen wani tsohon direba ake koyonsa, shekara da shekaru, ana tono mota da shebur. A ƙarshe a hura wuta a dafa shayi.

Akwai abin da nake so jagorori su riƙa faɗa wa baƙi, ko da zai rage wa hoto armashi. Siwa kwari ne da ke ƙasa da matakin teku, ruwan da ya shiga ba shi da mafita. Rijiyoyin da aka yi ta haƙawa don faɗaɗa gonaki sun fitar da ruwan da ya fi ƙarfin ƙasar, rarar ta gangara tafkuna, tafkunan suka cika suka fara cin gonaki, gishiri ya hau saiwar dabino da zaitun. Gwamnati ta shiga aikin magudanan da za su fitar da ruwan zuwa hamada. Da yawa daga cikin samarin nan 'ya'yan manoma ne, kuma a kan hanyar zuwa tafki sukan wuce ta gefen busassun itatuwan dabino da suka san masu su. Baƙon da ya tambayi abin da ya kashe su zai ji bayanin da ya fi na Iskandar tsawo.