Ingilishi a birbe da bak: ga inda gizo ke saƙar

Shekara 4 a kwaleji, shekara 3 a lise: ɗalibin Nijar yana share shekara 7 yana koyon Ingilishi, amma sau da yawa ranar jarrabawa sai harshen ya zame masa baƙo. Shafinmu na wannan mako ya duba inda ake yawan tuntuɓe, da hanyar da Hausa da Faransanci za su iya taimakon mai shirin jarrabawa.

Duk wanda ya ratsa titunan Maraɗi ko Damagaram ko Tawa bayan sallar lisha a cikin watan Mayu, ya san wannan abin kallo. Ƙarƙashin kowace fitilar titi akwai samari, kaye a hannu, suna kai da kawowa suna maimaita "go, went, gone, see, saw, seen" kamar masu tilawa. Zafi ya hana zama cikin ɗaki, jarrabawa kuma ta ƙarato. Ƴan turwaziyam suna jiran birbe, ƴan tarminal suna jiran bak. In ka tambaye su darasin da ya fi tayar musu da hankali, bayan lissafi galibi Ingilishi za su ambata.

Wannan tsoro ba banza ba. Jarrabawa a nan ƙasar lissafin mwayan ce, wato 10 bisa 20 in an haɗa dukkan darussa. Maki 3 ko 4 da aka zubar a Ingilishi suna iya maida ɗalibi aji guda har tsawon wata shekara, musamman a ɓangaren adabi na lise inda harsuna suka fi nauyi. Ga iyalin da suka sayar da akuya don kuɗin makaranta, shekara guda ba ƙaramin abu ba ce.

Abin da ya sa maganar ta wuce jarrabawa

A da ana ɗaukar Ingilishi kamar darasin ƙawa, tun da Faransanci ne harshen ofis da na allo. Zamani ya juya. Kundin sake gina ƙasa da aka ƙaddamar a watan Maris na 2025 ya ba Hausa matsayin harshen ƙasa, ya kuma ajiye Ingilishi da Faransanci a matsayin harsunan aiki. Ko ba don haka ba, iyakarmu da Najeriya ta kai kimanin kilomita 1500. Ɗan Maraɗi da ya bi ta Ɗan Isa zuwa Jibiya, da ɗan Kwanni da ya tsallaka Illela, da ɗan Matamaye da ya nufi Daura, Hausa za ta ishe su a kasuwa, amma takardar kwastan da ta banki da ta jami'a duk da Ingilishi aka rubuta su. Ɗalibanmu da yawa suna neman ilimi a Najeriya da Gana. A jami'ar Abdu Mumuni ta Yamai ma, mai karatun likita ko kimiyya ba zai rasa cin karo da littattafan Ingilishi ba.

Koyar da harshen kuwa ya daɗe a ƙasar nan. Ƴan sa kai na Amurka, wato Peace Corps, sun yi aiki a Nijar daga 1962 zuwa 2011, da yawansu a azuzuwan Ingilishi. Littafin "English for the Sahel" ya bi ta hannun ɗalibai masu ɗimbin yawa a kwalejojinmu. Saboda haka ba rashin tarihi ke damunmu ba. Abin da ke damunmu shi ne aji mai cunkoso, littafi guda ga mutum uku ko huɗu, shekarar karatu da takan gajarce, da kuma wata ɗabi'a da ɗalibi kansa zai iya gyarawa: yin tunani da Faransanci sannan a juye shi kalma bayan kalma cikin Ingilishi.

Nahawu: Hausa ta fi kusa da yadda ake zato

Abin mamaki shi ne, a wurare da dama Hausa ta fi Faransanci kama da Ingilishi, amma ba a cika faɗa wa yara haka ba. Ɗauki bambancin aikin da ake cikin yi da aikin da aka saba yi. Bafaranshe zai ce "elle pile le mil" ko yanzu take dakan ko kullum takan yi. Bahaushe kuwa ya raba su: "tana daka" daban, "takan daka" daban. Haka Ingilishi ya raba: "she is pounding" da "she pounds". Ɗalibin da ya tsaya ya tambayi kansa da Hausa, shin "tana" ne ko "takan", da wuya ya ɓata wannan tambaya.

Haka batun mallaka. Faransanci yana cewa "son père" ko uban yaro ne ko na yarinya, domin shi abin da aka mallaka yake dubawa. Shi ya sa takardun jarrabawa suke cike da "his" inda ya kamata a sa "her". Hausa kuwa mai abin take dubawa, daidai da Ingilishi: "ubansa" shi ne "his father", "ubanta" shi ne "her father". Wanda ya bi ta Hausa ya huta.

Amma akwai inda harsunan biyu suke haɗa baki su yaudari yaro. Bahaushe yana cewa "ina da shekara 15", Bafaranshe yana cewa "j'ai 15 ans", sai ɗalibi ya rubuta "I have 15 years". Daidai shi ne "I am 15 years old". Wannan sai an haddace shi, babu wata dabara.

Babban rami shi ne lokacin da ya wuce. Da yake "j'ai vu" ya yi kama da "I have seen", ɗalibi yakan rubuta "I have seen him yesterday". Kuskure ne. Da zarar an ambaci lokacin da ya riga ya ƙare, kamar "yesterday" ko "last week" ko "in 2020", sai a ce "I saw him". Shi kuma "have" tare da siffa ta uku ta aikatau, wurinsa shi ne aikin da ya faro can baya kuma yana nan har yanzu, ko wanda ba a faɗi lokacinsa ba. Inda Bafaranshe zai ce "j'habite ici depuis 2020", Ingilishi yana cewa "I have lived here since 2020". A lura kuma "depuis" guda ɗaya ta rabu biyu: "since" tana nuna mafarin lokaci, "for" tana nuna tsawonsa, kamar "for five years".

Sauran ƙananan abubuwa ne masu cin maki a ɓoye. Harafin "s" na "he works" da "she goes" wanda ake mantawa. Tambaya da kore magana da suke bukatar "do" ko "does" ko "did". Da zarar "did" ya shigo, aikatau yana komawa asalinsa: "Did you go?" ake cewa, ba "Did you went?" ba. Su kuwa aikatau marasa bin ƙa'ida da samari ke tilawa a bakin titi, kusan 200 ne ake amfani da su, amma waɗanda ke dawowa kullum cikin jarrabawa ba su kai rabin haka ba. Haddar jerin tana da amfani, sai dai wanda ya haddace "buy, bought, bought" bai taɓa sa shi cikin jimla ba, kamar wanda ya sayi garma ne ya rataye ta a zaure. Kowane aikatau da aka haddace, a yi masa jimla guda a kan abin da ya faru a gida ko a kasuwa.

Kalmomi: rumbu biyu da abokan ƙarya

Ɗalibin Nijar yana shiga siziyam da rumbun kalmomi biyu bai sani ba. Na farko cikin bakinsa yake. Mota, direba, taya, birki, inji, bokiti, tebur, tela, kafinta, burodi, asibiti, banki: duk daga Ingilishi Hausa ta aro su ta hanyar maƙwabtanmu na kudu. Wanda ya san tela da kafinta ya riga ya san "tailor" da "carpenter", rubutunsu kaɗai ya rage masa.

Rumbu na biyu Faransanci ne. A 1066 Wiliyam na Normandi ya ci ƙasar Ingila da yaƙi, Faransanci ya zama harshen fada da na shari'a a can har kusan shekara 300. Tun daga nan dubban kalmomi suka shiga Ingilishi: "village", "nation", "government", "justice", "important", "education". Shi ya sa ɗalibinmu yakan gane rubutu a kan siyasa ko lafiya fiye da hirar yau da kullum.

Sai dai cikin wannan rumbu akwai kunama. Wasu kalmomi sun yi kama da na Faransanci amma ma'anarsu ta kauce. "Library" ɗakin karatu ne, ba kantin sayar da littattafai ba. "Actually" yana nufin "a gaskiya", ba "a halin yanzu" ba. "To attend" halarta ne, ba jira ba. "Lecture" lacca ce, ba karatu ba. Mai wannan rubutu ma ya taɓa faɗawa. Shekarar da na yi birbe, kafin sakamako ya fito, na rubuta wa wani ɗan uwa da ke Katsina cewa "I passed my exam", nufina na zauna jarrabawar, kamar yadda "passer un examen" yake nufi. Sai ga saƙon barka da tukwici sun iso, domin "to pass" a Ingilishi cin jarrabawa ne. Zama jarrabawa shi ne "to sit" ko "to take". Allah ya rufa asiri na ci, in ba haka ba da ban san da wane ido zan dube shi ba.

Akwai kuma dabarar gane kalma ta hanyar ginin ta. Yadda Hausa ke sa "ma" ta fid da manomi daga noma, haka Ingilishi ke sa "er" ya fid da "farmer" daga "farm". "Un" a gaba yana juya ma'ana: "happy", "unhappy". "Ful" a ƙarshe yana nuna akwai, "less" yana nuna babu: "useful", "useless". Wanda ya riƙe goma daga cikin waɗannan, ya buɗe kalmomi ɗaruruwa ba tare da ƙamus ba.

Gargaɗi ga ƴan bakin iyaka: Ingilishin tasha da na wasu finafinai, irin su "I dey come" da "wetin", broka ne. Yana biyan bukata a kasuwa, amma mai gyaran takarda jan biro zai sa masa. Haka kuma bakin Bahaushe yakan haɗa "p" da "f", har ya bi shi cikin rubutu, "pan" ya koma "fan", "copy" ya koma "coffee".

Fahimtar rubutu: nan maki suke kwance

Takardar jarrabawa takan fara da wani rubutu, tambayoyi su biyo baya. A nan aka fi samun maki cikin sauƙi, a nan kuma aka fi zubar da su. Ɗalibi yakan ci karo da kalmar da bai sani ba a layi na biyu, sai gabansa ya faɗi, ya share minti 10 a kanta. Ba a bukatar sanin kowace kalma. A karanta rubutun sau ɗaya daga farko zuwa ƙarshe don a san a kan me ake magana. Sannan a karanta tambayoyin. Sannan a koma a sake karantawa da fensir, ana jan layi ƙarƙashin inda amsa take.

Kalmar da ba a sani ba, maƙwabtanta ake tambaya. Ga misali: "The well was dry, so the women walked five kilometres to fetch water." Ko ba a taɓa jin "fetch" ba, mata da suka yi tafiyar kilomita 5 saboda ruwa, ɗebowa suka je yi. "Well" a nan kuma rijiya ce, ba "da kyau" ba, tun da an ce ta ƙafe.

Ƙananan kalmomin haɗi su ne alƙalai. Dubi wannan: "Although the rains came late, the farmers had a good harvest." In aka tambaya ko gaskiya ne damina ba ta yi albarka ba, mai gaggawa zai ga "late" ya amsa da i. Amma "although" tana nufin "ko da yake", saboda haka an samu amfanin gona. "But" da "however" suna juya magana, "because" tana kawo dalili, "so" da "therefore" suna kawo sakamako. Haka kalmomin tambaya: "why" dalili take nema, "where" wuri, "when" lokaci, "how many" adadi. In an ce a kawo hujja, jimla guda daga rubutun ta isa; wanda ya kwafe sakin layi gaba ɗaya ya nuna wa mai gyara cewa bai gane ba. A kuma amsa da lokacin da aka yi tambaya da shi.

Insha'i shi ke zuwa ƙarshe, lokacin da agogo ya kusa cika, don haka a ware masa lokacinsa tun farko. Gajerun jimloli 10 masu tsabta sun fi dogaye 5 da aka fassaro daga Faransanci.

Abin da ya rage ga gida

Da sannu ake cika tulu. Minti 30 kowace rana tun daga watan Oktoba sun fi kwana a bakin titi cikin Yuni. Kalma 5 a rana, cikin wata 8 sun haura 1000. Tsofaffin takardun jarrabawa suna nan hannun malamai da yayye. A riƙa yin guda kowane mako, agogo a gaba, a kai wa malam ya gyara. Abokai 3 ko 4 su ware sa'a guda da ba a magana sai da Ingilishi, ba tare da dariya ga mai kuskure ba. Wayar da ke cinye dare da hira tana iya ɗaukar ƙamus da ba ya bukatar intanet.

Iyaye kuma suna da nasu rabo, ko ba su jin kalma ɗaya. Fitila, ƙamus ko da tsoho ne, da ɗan sauƙin aika a watannin ƙarshe. A tuna musamman da ƴan mata. Su ba su zuwa ƙarƙashin fitilar titi da dare, kuma daka da wanke-wanke suna jiransu da sun dawo daga makaranta, alhali takarda ɗaya za a raba musu da ƴan uwansu maza. Uwar da ta sauke wa ɗiyarta aikin sa'a guda kowace yamma, ta ba ta maki da hannunta.

Allah ya ba ƴan birbe da ƴan bak sa'a, amin.