Farantan azurfa masu tambarin manyan gidajen Ingila

A gidajen sarauta da na manyan masu ƙasa a Ingila, a ƙarni na 18, bara ba ya miƙa wa maigida kofi ko wasiƙa da hannu. Sai a kan farantin azurfa, wanda aka zana tambarin gidan a tsakiyarsa.

Tambarin nan ba ado kawai ba ne. Hukumar da ke ba da shi a Landan tun 1484 aka kafa ta. Idan aka yi aure, akan raba garkuwar da ke cikin tambarin biyu: tambarin miji a hagun mai kallo, na dangin matar a dama. Da wannan masana kan gane gidan da aka yi wa farantin, har su kintaci lokacin. Akwai kuma ƙananan hatimai da ake bugawa: hoton zaki na nuna azurfar ta kai kashi 92.5 cikin ɗari, harafi guda kuma na nuna shekara.

Farantin da ya fi suna shi ne na ɗan siyasa Robert Walpole, da maƙerin azurfa Paul de Lamerie ya ƙera wajen 1728. Yana gidan tarihi na Victoria da Albert a Landan.

Sai dai mai saye ya yi hattara. Wasu dillalai kan goge tsohon tambari su zana sabo don ƙara kuɗi. A danna tsakiyar farantin da yatsa. Idan ya lotsa, wataƙila an taɓa goge shi.