Fagge da Ganuwar Kano: Iyaka a Al'ada da Shari'a

Da sunan Allah Mai rahama Mai jinƙai. Tsira da aminci su tabbata ga Annabi Muhammadu da alayensa da sahabbansa. Bayan haka, wani ɗan kasuwa ya tambaye ni ko wanda ya fita ta Ƙofar Mata da nufin tafiya ya halatta ya fara ƙasaru, tun da ya bar birni. Amsar tana bukatar mu waiwayi tarihi.

Sarkin Kano Gijimasu ne ya fara ginin ganuwa a ƙarni na 12, aka faɗaɗa ta a zamanin Muhammadu Rumfa (1463–1499). A da, ganuwa ita ce ta raba ciki da waje. Kowace ƙofa tana da Sarkin Ƙofa, idan dare ya yi a rufe, wanda ya makara ya kwana a waje ko da wane ne shi. Fagge ta tashi ne a bayan wannan ganuwa a matsayin zangon fatake, inda ayarin Buzaye ke sauke gishiri su ɗaure raƙumansu, kana su shiga Kurmi ciniki. Da Nasara suka ci Kano a 1903, jirgin ƙasa ya iso a 1911, aka kafa Sabon Gari, sai Fagge ta zama tsakanin birni da baƙi, ciniki ya rinjayo wajenta. Kantin Kwari shaida ne.

To, a mazhabar Imam Malik ba ganuwa ake dubawa ba. Matafiyi ba ya fara ƙasaru sai ya wuce gine-ginen gari da lambunan da ake zaune cikinsu masu haɗe da shi. Yau gidajen Fagge sun manne da birni, na gaba da su kuma sun manne da su. Wanda ya fita ta Ƙofar Mata yana cikin gari, sai ya cika sallarsa.

Amma iyakar da ta fi damuna ita ce ta tsakanin maƙwabci da maƙwabci. Iyayenmu idan za a sayar da gida ko gona, sai a kira mai unguwa da dattawa da maƙwabtan kusurwa huɗu, a taka iyakar da ƙafa kowa yana gani. A gona a dasa aguwa ko cini-da-zugu ko gamba, har a tafi da yara domin su riƙe abin bayan manya sun shuɗe. Ba takarda, amma shaidu sun yi yawan da ƙarya ba ta da wurin shiga. Shehu Abdullahi ɗan Fodiyo ya wallafa littafi sukutum, Ta'alimur Radi, a kan yadda mutum ke mallakar ƙasa.

Dokar ƙasa ta 1978 ta mayar da filayen birane hannun gwamna, takarda da dutsen safiyo suka maye gurbin aguwa. Ban ga laifin wannan ba. Laifin shi ne a ɗauka hatimi yana halatta abin da Allah Ya haramta. Imam Muslim ya ruwaito cewa Annabi (S.A.W.) ya ce Allah Ya la'anci wanda ya canza alamar iyakar ƙasa, kuma ya inganta cewa wanda ya zalunci taƙi ɗaya za a rataya masa shi har ƙasa bakwai ranar alƙiyama. Ma'aikacin da ya gusar da dutse saboda an ba shi goro ya shiga cikin wannan, haka attajirin da ya turo shagonsa cikin hanya, alhali hukuncin Annabi shi ne idan an yi saɓani a kan hanya a bar mata kamu bakwai.

Wasu kuma suna zaton maƙwabci yana da haƙƙin shuf'a idan an sayar da gidan da ke jikin nasa. A wurin malamanmu Malikawa shuf'a ta abokin tarayya ce a cikin abin da ba a raba ba. Da zarar an yanka iyaka an fitar da hanya, ta faɗi. Wallahu a'alamu.