Ƙwallon kwando: yadda Khaman Maluach ya bi ta jami'a ya kai NBA, da yadda hanyar take

Daren Laraba 25 ga watan Yuni 2025, lokacin da ƙarfe ɗaya na dare ta buga a Maraɗi da Damagaram, a birnin New York aka buɗe zaɓen sabbin ƴan wasan NBA, wanda ake kira daraf. Ƙungiyar Dallas Mavericks ta ɗauki Cooper Flagg na jami'ar Duke a matsayi na farko, wannan kowa ya san haka za a yi. Amma sunan da ya sa masoya ƙwallon kwando na Afirka suka hana idonsu barci shi ne na goma: Khaman Maluach, ɗan Sudan ta Kudu mai shekara 18, dogo mai kusan mita 2 da santimita 18. Da aka kira sunansa hawaye ya dinga yi. Houston ce ta zaɓe shi, amma Phoenix Suns zai bugawa, don tun kafin ranar ƙungiyoyin biyu sun shirya musayar da ta kai Kevin Durant Houston.

Masu bin ƙwallon ƙafa da yawa suna tambaya, mi ya haɗa jami'a da wasan kuɗi? A Turai yaro yana tasowa ne cikin makarantar kulob, kulob ya rene shi, ya sayar da shi. A Amurka lakkwal ce ke renon ɗan wasa. Ya buga wa sakandarensa, daga nan jami'a ta ɗauke shi ta ba shi bursu, wato karatu da ɗaki da abinci kyauta, shi kuma ya sa rigarta. Jami'o'in da ke rukunin farko na hukumar NCAA sun haura 350. Tun 2006 dokar NBA ta ce sai ɗan wasa ya kai 19 a cikin shekarar daraf, kuma in a Amurka ya yi sakandare sai ya shekara ɗaya da gamawa. Shi ya sa zaƙaƙuran yara suke yin shekara guda tak a jami'a su tashi. Flagg da Maluach duka haka suka yi a Duke, tare da Kon Knueppel da Charlotte ta ɗauka na huɗu. Yara uku daga jami'a ɗaya cikin goman farko.

Ku lura, duk da waɗannan ukun Duke ba ta ci kofi ba. Gasar ƙarshen kakar jami'o'i, wadda ake farawa a watan Maris, a 2025 ƙungiya 68 suka shiga, kuma faɗuwa ɗaya ce, an ci ka ka naɗe tabarmarka. Ranar 5 ga Afrilu a San Antonio, a wasan kusa da na ƙarshe, Duke tana gaba da maki 14 saura kamar minti takwas, sai yaran jami'ar Houston suka matse su, aka tashi 70 da 67. Bayan kwana biyu Florida ta doke Houston 65 da 63 ta ɗauki kofi, kuma cikin ƴan Florida akwai Rueben Chinyelu ɗan Nijeriya. A wancan daren na Houston, Maluach da duk tsawonsa bai cafke ko ƙwallo ɗaya da ta faɗo daga kwando ba. Ni a ganina wannan ne ya nuna inda aikinsa yake. Tare bakin kwando ya iya, in an cilla masa ƙwallo sama ya iya dannawa, amma ƙarfin jiki na turereniya da ƙarti bai gama zuwa ba. A jami'a wasa rabi biyu ne na minti 20, a NBA kashi huɗu ne na minti 12, kuma maci 82 a kaka ɗaya kafin ma a shiga zagayen neman kofi. Phoenix sai ta yi haƙuri da shi shekara biyu ko uku.

Yanzu ga yadda daraf yake. Ƙungiyoyin NBA 30 ne, zaɓe zagaye biyu, gurbi 60 a ƙa'ida. Yaro ba shi ke zaɓen inda za shi ba, ƙungiya ke zaɓensa, kuma wadda ta fi shan kashi a kakar da ta wuce ita ake ba dama ta fara ɗiba, don kada masu ƙarfi su yi ta ƙara ƙarfi. To amma sai wasu suka koyi faɗuwa da gangan. Shi ne aka sa tambola tsakanin ƙungiyoyi 14 da ba su kai zagayen neman kofi ba. Ana zuba ƙananan ƙwallaye 14 masu lamba cikin inji a jawo huɗu. Haɗin lambobin da zai iya fitowa 1001 ne, ana raba 1000 tsakanin ƙungiyoyin. A 2025 uku mafi rauni kowace tana da 140, Dallas kuwa 18 kacal gare ta. Ranar 12 ga Mayu a Chicago, lambar Dallas ta fito. Utah da ta ci wasa 17 kawai ta faɗi 65 ta ƙare ta biyar.

Nan ne surutu ya tashi. A watan Fabrairu Dallas ta miƙa wa Lakers tauraronta Luka Dončić ta karɓi Anthony Davis, cinikin da magoya bayanta har yau ba su huce ba. Wata uku bayan haka sai ga rabo ya faɗo mata, masu zargi suka ce ladan ciniki ne aka biya ta. Ni dai ban yarda ba. Ana jan ƙwallayen ne gaban wakilan ƙungiyoyin 14 da ƴan jarida da kamfanin binciken kuɗi, kuma attajirin da ya yi asarar kaka guda yana jiran wannan dare ba zai zauna ya yi shiru a cuce shi ba. Abin da ya dace a tattauna shi ne ko tambolar tana taimakon raunanan da aka yi ta dominsu.

Batun kuɗi kuma. Albashin sabon shiga a rubuce yake gwargwadon lambar da aka zaɓe ka. Flagg ya samu kusan dala miliyan 14 a shekarar farko, dalar Amurka fa, ba dalarmu ta kasuwa ba, abin ya haura miliyar 7 na sefa. Da can ɗan wasan jami'a ko sisi ba a yarda ya karɓa ba, alhali jami'o'i da gidajen tele suna kwasar dukiya da guminsa. Daga 1 ga Yuli 2021 aka ba su izinin cin kuɗin talla da sunansu da hotonsu. Ranar 6 ga Yuni 2025 wata alƙaliya a California ta amince da sulhun da ya ce za a biya tsofaffin ƴan wasa kusan dala miliyar 2.8, kuma kowace jami'a tana iya raba wa ƴan wasanta har dala miliyan 20.5 a shekarar farko. Sai dai ɗan Afirka da ya shiga da bizar ɗalibi, bizar tana taƙaita masa aikin samun kuɗi cikin Amurka, don haka ba ya cin wannan garar kamar abokansa. Maluach ma ya ga wata damuwar: ranar da za su buga da Houston, gwamnatin Amurka ta sanar da soke bizar masu fasfo na Sudan ta Kudu.

Hanyar da ya biyo ita ce abin lura ga iyaye. A Rumbek aka haife shi, yaƙi ya kai danginsa Yuganda, a Kampala ya tashi, kuma sai da ya kai wajen shekara 13 ya fara taɓa ƙwallon kwando. Makarantar NBA Academy Africa da ke Saly a Senegal ta ɗauke shi, can ake haɗa horo da karatu. Ya buga gasar BAL ta kulob-kulob na Afirka, wadda aka fara a Kigali a 2021, sannan yana ɗan 17 ya je wasannin Olamfik na Paris a 2024 da ƙasarsa, ƙungiyar nan da Amurka ta sha da ƙyar a hannunta 101 da 100 a wasan share fage a Landan. Duk wannan kafin Duke. Magabatansa ma ta jami'a suka bi: Hakeem Olajuwon daga Legas zuwa jami'ar Houston, aka ɗauke shi na farko a 1984 gaban Michael Jordan, Joel Embiid na Kamaru ta Kansas, Pascal Siakam ta New Mexico State, shi na 27 aka ɗauka a 2016, ga shi a 2025 ya kai wasan ƙarshe da Indiana, Oklahoma City ta cinye su 4 da 3.

Mu ma muna da namu. Abdoulaye Harouna ɗan Yamai ya buga wa jami'ar Miami ta jihar Ohio, bai shiga NBA ba, amma ya ci abinci da ƙwallon, ya buga BAL da FAP ta Kamaru da AS Salé ta Maroko. Ƙungiyar Nigelec ma ta shiga wasannin neman gurbin BAL. Lissafin NCAA da kanta ya nuna cikin ɗaliban da suka isa shiga daraf, kamar mutum 1 ne cikin 100 ake ɗauka. Sauran abin da suke fita da shi shi ne takardar digiri, wasu kuma kwantiragi a Turai ko Afirka.

Don haka ƴan uwa, in wani ya zo ya ce a ba shi jikkuna zai kai ɗanku dogo Amurka, ku tambaye shi sunan jami'ar da sunan mai horarwar, ku sa ɗan uwa na can ya buga waya ya ji. NCAA tana bincika takardun makarantar yaro na shekarun sakandare kafin ta bar shi ya taka fili, kuma jami'a ba ta sayar da bursun wasa, ita ke bin yaro da shi bayan masu sa idonta sun ga wasansa. A watan Yuli 2025 aka yi wasannin bazara na sabbin shiga a Las Vegas, can aka fara ganin Maluach da rigar Phoenix.