Mai Ciwon Huhu da Allurar Barci

Akwai wani ciwo da likitoci ke kira sakoidosis. Yakan kama huhu, ya kawo busasshen tari da haki da gajiya, har a zaci tibi ne. Amma shi ba a ɗaukarsa daga wani. Wani lokaci yakan taɓa zuciya, ko ƙoda, ko maƙogwaro.

In za a yi wa mai wannan ciwo tiyata, ko da ta gwaiwa ce, lalle ya gaya wa likita tun da wuri. Allurar barci tana rage ƙarfin numfashi, huhu mai rauni kuwa ba ya jimrewa. Saboda haka sai an ɗauki hoton ƙirji, an auna zuciya, an gwada jini tukuna. In aikin a ƙasan cibiya ne, mai yiwuwa a yi allurar baya: mutum yana farke, amma ba ya jin zafi.

Mai shan ƙwayar prednisolone kada ya bari da kansa, gama jiki ya saba da ita. Ranar tiyata ma akan ƙara masa, domin kada ƙarfin jininsa ya faɗi.

'Yan'uwa, ku tafi asibiti da magungunanku duka, har da na gargajiya.