Baƙo a Ɗakin Marasa Lafiya: Yadda Ma'aikacin Jinya na Aro Zai Yi Aiki Tare da Ƴan Gida

Duk wanda ya taɓa kwana a asibiti yana jinyar wani nasa ya san cewa likita yakan leƙo ne sau ɗaya ko sau biyu a yini, alhali ma'aikacin jinya shi ne ke tare da marar lafiya dare da rana. Shi ke ba da magani, shi ke sa ƙarin ruwa, kuma shi ne farkon wanda zai lura idan numfashi ya canza. To amma a asibitocin ƙasashe irin su Faransa da Ingila, inda wasu daga cikin ƴaƴanmu da ƙannenmu suke karatu ko aiki, ya zama ruwan dare a tarar cewa wanda ya karɓi aikin daren yau bai taɓa taka ɗakin ba sai yau. Wani kamfani ne ya turo shi domin ya cike gurbin wanda ba ya nan, na dare ɗaya ko na mako guda. Faransawa suna kiran irin wannan ma'aikaci intérimaire, mu kuwa a nan za mu kira shi ma'aikacin jinya na aro.

Tambayar da muke so mu duba ita ce: ta yaya mutumin da bai san sunan kowa ba zai shiga cikin ayarin likitoci da ungozomomi da masu haɗa magunguna da masu awon jini da masu motsa gaɓoɓi da masana abinci, ya yi aiki tare da su ba tare da marar lafiya ya cutu ba?

Abin da ya haifar da aikin aro

Tushen al'amarin shi ne ƙarancin ma'aikata. Rahoton da Hukumar Lafiya ta Duniya, wato OMS, ta fitar a 2025 ya nuna cewa a shekarar 2023 akwai ma'aikatan jinya miliyan 29.8 a duniya, amma duk da haka akwai giɓin miliyan 5.8. Idan ma'aikaciya ta tafi hutun haihuwa, ko wani ya kwanta rashin lafiya, ba za a rufe ɗaki a sallami marasa lafiya ba. Dole a nemo wanda zai riƙe.

A Faransa yarjejeniyar tana da ƙafa uku. Kamfani ne ke ɗaukar ma'aikacin yana biyansa, asibiti kuma yana biyan kamfanin, sannan muddin ma'aikacin yana bakin aiki, ƙa'idojin asibitin ne zai bi. Bayan albashi, doka ta ba shi ƙarin kashi 10 cikin 100 na ƙarewar aiki, da wani kashi 10 a madadin hutu. Da yake wannan hanya tana cin kuɗi, hukumomi sun yi ta ƙoƙarin yi mata linzami. A Ingila, tun watan Nuwamba na 2015 aka fara ƙayyade abin da asibitocin gwamnati za su biya kamfanoni, daga Afrilun 2016 kuma aka tsayar da iyakar a kan kashi 55 cikin 100 bisa albashin ma'aikacin dindindin. A Faransa kuwa, dokar 27 ga Disamba 2023 ta hana sababbin ma'aikata faɗawa aikin aro da zarar sun gama makaranta, kuma ƙudurin 24 ga Yuni 2024 ya tsayar da cewa sai mutum ya yi shekara biyu yana aiki tukuna. Hikimar wannan sharaɗi a fili take: wanda zai riƙa sauya ɗaki kowane mako, ya kamata hannunsa ya riga ya faɗa.

Awar farko

Ko da hannu ya faɗa, akwai ilimin da ba a koyarwa a makaranta, wato ilimin gida. Baƙo ya san yadda ake farfaɗo da wanda zuciyarsa ta tsaya, amma bai san lungun da aka ajiye keken kayan gaggawa ba. Ya san adadin maganin da za a ba mutum, amma na'urar tura magani cikin jijiya da ke wannan asibitin ta wani kamfani ce dabam, maɓallanta ba irin waɗanda ya saba da su ba ne. Ya iya rubuta rahoto, amma ba a buɗe masa hanyar shiga kwamfutar da ke riƙe da bayanan marasa lafiya ba. Masu iya magana suka ce baƙo makaho ne ko da yana da ido.

Saboda haka awar farko ita ce ginshiƙin aikin duka. Ma'aikacin aro mai hankali yakan iso kafin lokaci, ya nemi shugaban ɗakin, ya faɗi sunansa da irin sassan da ya taɓa yi wa aiki, sannan ya jero tambayoyinsa tun ido na ganin ido. Ina kayan gaggawa da tukunyar iskar shaƙa suke? Wace lamba ake bugawa idan zuciyar wani ta tsaya? Wane likita ne ke gadi, kuma ta wace hanya ake samunsa da tsakar dare? A hannun wa makullin akwatin magunguna masu ƙarfi yake? Waɗanne marasa lafiya ne aka fi jin tsoron halinsu? Wasu sukan ji nauyin yawan tambaya, kada a ɗauke su marasa sani. Amma matambayi ba ya ɓata, kuma tambayar da ba a yi da ƙarfe takwas na dare ba, ita ce za ta dawo da ƙarfe uku, lokacin da babu sararin amsa ta.

Haka nan ya wajaba baƙo ya faɗi iyakar saninsa. Wanda ya saba da ɗakin tsofaffi, idan aka tura shi ɗakin jarirai ko ɗakin wankin ƙoda, gaskiyar da zai faɗa tun farko ta fi masa alheri da kunyar da zai rufe. Cewa kamfani ne ya turo shi bai sauke masa alhakin abin da hannunsa ya aikata ba, domin sunansa yana cikin rajistar masu sana'ar kamar na kowa.

Magana ɗaya da kowa ke ganewa

Wurin da aka fi yin tuntuɓe a aikin asibiti shi ne wajen miƙa bayani, ko daga masu sauka zuwa masu hawa, ko daga ma'aikacin jinya zuwa likita. Waɗanda suka daɗe tare sukan gane juna da rabin kalma. Likita ya san cewa idan wance ta kira shi da dare, to lallai akwai dalili. Baƙo ba shi da wannan jari, muryarsa ma ba a sani ba. Abin da zai tsaya masa shi ne tsararriyar magana.

Akwai wata hanya mai matakai huɗu da ta samo asali daga sojojin ruwan Amurka, wadda asibitocin ƙasar suka ara a farkon shekarun 2000. A 2014 babbar hukumar lafiya ta Faransa, wato HAS, ta fitar da ita da sunan SAED: a faɗi halin da ake ciki, a faɗi tarihin marar lafiya, a faɗi abin da mai kira yake gani, sannan a faɗi abin da yake buƙata. Ga misalin yadda kiran zai kasance:

«Likita, barka da dare. Ni ce ma'aikaciyar aro da ke riƙe da ɗaki na uku. Ina kira ne game da dattijon da ke gado na shida: numfashinsa ya kai 28 a minti ɗaya, zafin jikinsa 39, kuma ya fara rikicewa. Shekaranjiya aka yi masa aikin hanji, yana kuma da ciwon suga. Ina tsoron ƙwayoyin cuta sun shiga jininsa. Ina roƙon ka zo ka duba shi yanzu, ka kuma faɗa mini abin da zan fara yi kafin ka iso.»

Cikin ƙasa da minti ɗaya likita ya sami duk abin da zai yanke shawara a kai, ko da bai taɓa ganin fuskar mai kiran ba. A Ingila an ƙara da wani ma'auni da ƙungiyar manyan likitocin ƙasar ta fitar a 2012, ta kuma sabunta shi a 2017. Ana ba da maki bisa numfashi, da yawan iska a jini, da bugun zuciya, da hawan jini, da zafin jiki, da yanayin hayyaci. Idan maki ya kai 5 a nemi likita da gaggawa, idan ya kai 7 a kira ayarin ceto. Amfaninsa ga ma'aikacin aro shi ne, takardar da ya sani a wannan asibiti ita zai tarar a wancan.

Wajen magani kuwa, ƙa'idar da ake koyarwa a Faransa ta tabbatar da abu biyar ce: marar lafiyan da aka nufa, maganin da aka rubuta, adadinsa, hanyar ba da shi, da lokacinsa. Ga baƙo, na farkon ya fi kowanne haɗari, tun da bai san fuskoki ba. Don haka ba lambar gado zai dogara da ita ba. Sai ya tambayi mutum sunansa da ranar haihuwarsa, ya gwada da abin da ke rubuce a munduwar hannunsa. Akwai kuma magunguna irin su gishirin potasiyom na allura, wanda idan aka tura shi cikin jijiya ba a surka ba yana tsayar da zuciya. Tun 2012 Faransa ta sa kuskuren ba da shi cikin jerin abubuwan da bai kamata su taɓa faruwa a asibiti ba. A irin waɗannan, neman abokin aiki ya sa ido na biyu alamar ƙwarewa ce.

Nauyin da ke kan ƴan gida

Ba adalci ba ne a ɗora wa baƙo kayan duka. Sau da yawa ma'aikatan dindindin sukan kalle shi da wani ido, ganin cewa yana karɓar kuɗin da ya fi nasu, gobe kuma ba za a gan shi ba. Wani lokaci a tura masa marasa lafiyan da suka fi wahala, a bar shi ya yi ta lalube. Wanda zai biya kuɗin wannan ƙyashi shi ne mutumin da ke kwance, wanda bai san hawa ba bai san sauka ba.

Abin da ake buƙata daga gida ba shi da tsada: takarda ɗaya mai ɗauke da lambobin waya da wuraren ajiye kaya, zagayen minti goma, da mutum ɗaya da aka ce wa baƙo: «Idan wani abu ya shige maka duhu, ga wanda za ka nema.» Sanin suna kansa magani ne. A 2008 OMS ta fitar da jerin abubuwa 19 da za a tabbatar a ɗakin tiyata, daga ciki har da cewa kowa ya faɗi sunansa da aikinsa kafin a sa wuƙa. Da aka gwada jerin a asibitoci takwas na duniya, ciki har da na garin Ifakara a Tanzaniya, sakamakon da aka buga a 2009 ya nuna mace-mace sun sauko daga kashi 1.5 zuwa kashi 0.8 cikin 100. Wanda aka ba dama ya buɗe baki ya faɗi sunansa, ya fi samun ƙarfin halin buɗe shi karo na biyu idan ya ga ana shirin yin kuskure.

Shi ma baƙon kada ya raina kowa. Mataimakiyar jinya da ta yi mako biyu tana yi wa tsohuwa wanka ta san cewa shirun da ta yi yau ba halinta ba ne. Mai motsa gaɓoɓi ya san wanda zai iya tashi shi kaɗai da wanda zai faɗi. Mai haɗa magunguna ya san abin da aka musanya saboda wani ya ƙare. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Sannan kafin ya tafi, ya rubuta duk abin da ya yi da abin da ya rage, domin shi gobe ba ya nan balle a tambaye shi.

Darasin da ya shafe mu

Ko da yake tsarin kamfanonin aro na ƙasashen Turai ne, baƙon ma'aikaci ba sabon abu ba ne a wurinmu. Kowace damina, lokacin da zazzaɓin cizon sauro da tamowa suke cika ɗakunan yara a jihohin Maraɗi da Damagaram, ƙungiyoyi irin su MSF sukan ɗauki ƙarin ma'aikata na ƴan watanni a wurare kamar Madarunfa da Magariya. Ga kuma ƴan kwantaragi da ɗalibai masu koyon aiki, da wanda aka sauya wa wurin aiki jiya-jiya. Dukansu suna buƙatar tarba irin wadda muka bayyana.

A asibitocinmu kuma akwai wani ɗan ayari da ba a rubuta sunansa a takarda, wato mai jinya daga cikin iyali. Ma'aikata suna sauyawa, amma uwa ko ƙanwa da ke zaune a bakin gado ita ce ba ta sauyawa. Idan muka ga sabuwar fuska, mu gaishe ta da mutunci, mu faɗi cikakken sunan marar lafiyanmu, mu nuna katinsa da takardun magani. Mu faɗi maganin da jikinsa ba ya karɓa, kada kuma mu ɓoye na gargajiyar da muka ba shi a gida. Idan muka ga an kawo allurar da ba mu saba gani ba, ko an tsallake wadda aka saba yi, mu tambaya cikin ladabi. Ma'aikacin kirki ba zai ji haushi ba.

Ga ƴaƴanmu masu niyyar shiga wannan aiki a ƙasashen waje, shawararmu ita ce kada kuɗin ya sa su gaggawa. Su zauna wuri ɗaya su ƙware tukuna, su riƙe al'adar tambaya, su kuma tuna cewa ran da aka damƙa musu na dare ɗaya amana ce daidai da wanda aka damƙa na shekara. Allah Ya ba marasa lafiyarmu sauƙi, Ya saka wa masu kula da su da alheri, amin.